Tarihin Tukunyar Azumi a Gidajenmu

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi maza da mata, a zamanmu na yau za mu fito daga masallaci, mu wuce zaure, mu shiga cikin gida mu tsaya a bakin murhu. Mun saba jin tarihin sarakuna da na yaƙe-yaƙe, amma tukunya ma tana da nata tarihi. Wanda ya san shi zai gane cewa da yawa daga nauyin da muke ɗora wa kanmu da iyalinmu a watan azumi, muna cewa haka muka tarar, ba haka muka tarar ba. Wani abin bai kai shekarun kakanninmu ba, wani ma mun girme shi.

Mu fara daga Madina. An wajabta azumin Ramalana a watan Sha'aban na shekara ta 2 bayan Hijira, wato 624 ta Miladiyya, kuma Manzon Allah (S.A.W) ya azumci Ramalana 9 kafin wafatinsa. A farkon lamari hukuncin yana da tsanani: wanda barci ya ɗauke bayan faɗuwar rana bai ci komai ba, to ba zai ci ba sai wata magaribar. Buhari ya ruwaito labarin wani Ba'ansare, Ƙaisu ɗan Sirma, wanda ya yini yana aiki da azumi a bakinsa. Da magariba ta yi ya komo gida ya tambayi matarsa ko da abinci. Ta ce babu, amma bari ta fita ta nemo. Kafin ta komo gajiya ta kayar da shi, ya yi barci. Haka ya wayi gari ya zarce da azumi, da rana ta take sai ya suma. A kan wannan ne aya ta 187 ta Suratul Baƙara ta sauka, aka halatta ci da sha a dukan dare har ketowar alfijir. Mu tsaya nan kaɗan. Wannan gidan sahabi ne, an kira magariba ba a ɗora komai a wuta ba, kuma ruwayar ba ta ambaci ya ɗaga wa matar murya ba. Sauƙin da dukan al'umma take mora yau a daren azumi, a wannan gida da babu tuwo aka same shi.

Gidan Annabi kansa bai fi haka ba. Nana A'isha (R.A) ta gaya wa ɗan ƴar'uwarta Urwatu cewa sukan ga jinjirin wata uku a jere, tsawon wata biyu ke nan, ba a hura wuta a ɗakunan Manzon Allah ba. Abincinsu dabino ne da ruwa, sai madarar da maƙwabta Ansar suke aikowa. Anas (R.A) ya ba da labarin cewa Annabi yakan buɗa baki da ɗanyen dabino kafin ya yi salla, in babu da busasshe, in babu ya kurɓi ruwa. A wata tafiya kuma, da rana ta faɗi, ya umurci wani sahabi ya sauka ya dama musu sawiƙ. Sawiƙ garin sha'ir ne ko na alkama da aka soya, a dama da ruwa a sha. Duk wanda ya tashi a Adar ko Gobir ko Damagaram ya san ɗan'uwan wannan abinci, domin bai da nisa da gumbarmu da furarmu.

Amma kada a ɗauka ƙarancin girki yana nufin babu wahala. Nana Faɗimatu (R.A) niƙa take yi da dutse har hannunta ya yi kanta, ta je neman mai taimako wurin mahaifinta, shi kuma ya koya mata da mijinta tasbihi da tahmidi da takbiri na lokacin kwanciya. Asma'u ƴar Abubakar (R.A), matar Zubairu, ta faɗa da bakinta cewa ita take ba doki abinci, ta ɗebo ruwa, ta kwaɓa gari, amma ba ta iya gasa gurasa da kyau ba, maƙwabtanta mata na Ansar su suke gasa mata. Ƴar Siddiƙu ke nan, ba ta ji kunyar cewa akwai girkin da ba ta iya ba, maƙwabtan ma ba su kai labarinta bakin rijiya ba. Da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi yake yi in yana gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Abu Huraira (R.A) kuma ya shaida cewa bai taɓa kushe abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Akwai labarin da muke so mata su riƙe, maza kuma su ji da kyau. A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya auka wa Hijaz, shekarar da aka sa wa suna Shekarar Toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina, Halifa Umar (R.A) ya sa aka kafa tukwane ana ciyar da su, shi kuma ya haramta wa kansa man shanu har launin jikinsa ya sauya. Ibnu Sa'ad ya kawo a Ɗabaƙat cewa a wannan shekara Umar ya wuce wata mace tana tuƙa asida, ya ga ba daidai take yi ba, ya karɓi muciyar ya nuna mata. Kuma yakan gargaɗi mata kada su zuba gari sai ruwa ya yi zafi, sannan su barbaɗa shi kaɗan-kaɗan suna tuƙawa, domin haka ya fi auki kuma ba ya gudaji. Sarkin Muminai, wanda rundunoninsa suke Sham da Iraƙi a lokacin, ya san yadda ake tuƙa tuwo. Yau a cikinmu akwai magidancin da in matarsa ta kwanta ciwo ba zai iya dama wa ƴaƴansa kunu ba, kuma yana ganin wannan shi ne girma.

To mu dawo gida. Tun kafin Musulunci ya iso, gero ne uban abinci a wannan ƙasa, kuma masu binciken ƙasa sun tarar da alamun nomansa a Sahel fiye da shekara 4000 da suka wuce. Da fiƙihu ya zo bai raina shi ba. Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya rubuta Risala a Ƙairawan, kuma da ya zo lissafa abin da ake fitar da zakkar kono da shi ya sa gero da dawa da shinkafa a jere da alkama da dabino. Baturen Jamus ɗin nan mai yawo, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri daga Abzin ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, kuma fura tana cikin abin da ya yi ta ambata a labarin tafiyarsa. Ita fura, ko hura kamar yadda muke faɗa a Maraɗi da Tawa, ita ce abincin rana, ita ce guzurin matafiyi, ita ce kuma sahur ɗin mafi yawan mutane. In rana ta faɗi a sha kunun tsamiya ko na kanwa, a yi salla, bayan asham a ci tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa ko yakuwa, wadda aka haɗa da daddawa da gishirin Bilma ko mandar Manga. Dabino, in ayari ya kawo daga Kawar ko Ingal, mai hali ke samu.

Kada mu yi wa wancan zamani ado da ƙarya. Aikin mace a lokacin ya fi na yau tsanani ga jiki. Tun da hantsi za a ciro dami daga rumbu, a yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace, a wanke, a shanya, a koma turmi ko dutsen niƙa, a tankaɗe. Ga ruwa daga rijiya mai gaba da yawa, ga itace ko kara daga daji, duk da azumi a baki. Abu biyu ne suka sa nauyin ya ɗauku. Na farko, tukunya ɗaya ce. Ba wanda yake jiran kala biyar, don haka ba wanda yake fushi in bai gan su ba. Na biyu, hannaye suna da yawa. Gidan gandu ne: uwar miji, matan ƴan'uwa, kishiyoyi, ƴammata, kowa da kwanan girkinta, kuma mace biyu ko uku suna luguden turmi guda. Wadda ba ta da girki yau tana da lokacin zuwa jin karatu ko ta huta. Bayan haka ga akushi yana tsallaka katanga. Gidan da aka soya ƙosai a aika wa gidan da aka yi dambu, su ma su maido, sai kowane gida ya ga kala biyu ko uku alhali kala ɗaya ya dafa. Wannan ɗabi'a tana da asali: Muslim ya ruwaito Annabi ya yi wa Abu Zarri wasiyya cewa in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta.

Abin da babu a wancan faifai ya fi abin da ke kansa yawa. Gyaɗa da rogo da masara da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso ƙasashen baƙar fata ba sai bayan shekara ta 1500, suka yi ta shigowa sannu a hankali. Alkama akwai ta a lambunan Abzin da wasu fadamu, amma abincin fada ce da na attajirai. A Damagaram, inda fataken Larabawa da Abzinawa suka zauna a Zango, nan aka gwanance da alkaki da finkaso da taliyar hannu, kuma ko a can ba na kullum ba ne. Shinkafa tana bakin kogin Kwara, wajen Gaya da Tilaberi, mutumin Tasawa kuwa sai biki ko salla. Zaƙi na zuma ne da rake da dabino. Farin sukari da ganyen shayi ta hamada suka fara shigowa a hannun fatake, da tsada. Sai bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna suna sayen gyaɗa suna sayar da kaya, sannan kwalin sukari ya fara zama abin da talaka zai iya taɓawa.

Kuma watan azumi, kamar yadda muka sani, yana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yana zagaya damina da kaka da ɗari da bazara a cikin shekara kamar 33. Don haka iyayenmu sun yi azumi cikin ƙoshi, sun yi shi cikin yunwa. Daminar 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da dattawa suka sa wa suna Kakalaba. Azumin shekara ta 1332 ya kama daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta na 1914, daidai lokacin da rumbu ya daɗe da ƙarewa kuma sabon gero bai nuna ba. A irin waɗannan shekaru da anza ake buɗa baki, bayan an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa don ɗacinta ya fita, da ganyen tafasa da jiga da yaɗiya, da ƙwayar ƙarangiya, har da hatsin da ake tonowa daga gidan tururuwa. Da yawa daga masu sauraronmu sun ga farin 1973 da 1974, sun ci tuwon jar dawar taimako da aka kawo daga Amurka. Sun ga na 1984, wanda ya haɗu da rufe iyakar Najeriya a watan Afrilu na wannan shekara, har mutanen Maraɗi suka sa masa suna El Buhari. Azumin da ya biyo bayansa ya zo daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni na 1985, a tsakiyar zafi. Tsofaffin matan da suka riƙe gida a waɗannan shekaru suna nan da ransu a unguwanninmu. Su ne suka san yadda tiya guda take ciyar da gida, kuma su ne ba sa iya kallon tuwo a cikin shara ba tare da ransu ya ɓaci ba.

Sauyin da ya kawo mu inda muke ya taru ne cikin shekarun da suka biyo bayan samun ƴancin kai a 1960. Injin niƙa ya shiga birane, daga baya ƙauyuka, ya karɓi rabin aikin turmi. An kafa kamfanin sarrafa shinkafa na ƙasa a 1967, aka faɗaɗa noman rani a bakin kogi, sannan shinkafar Asiya ta yi ta shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Dunƙulen Maggi, wanda aka fara yi a Turai tun 1908, ya shigo ya ture daddawa gefe, tumatirin gwangwani ya mai da miya ja, makaroni ya zauna kusa da tuwo. Wutar lantarki ta kawo firigo, firigo ya kawo ƙanƙara, har ta zama mai azumi a Yamai ko Zinder yana ganin bai sha ruwa ba in babu ita. A farkon 2005, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan sukari da madara da garin alkama, dubban mutane suka fito kan titi. Ba muna zargin waɗanda suka fito ba ne, tsadar gaskiya ce. Muna nuni ne da cewa kayan da kakan kakanmu bai taɓa saya ba sun zama abin da gida ba ya kwana babu su.

Ga inda lissafin ya karkace. Injin ya rage wa mace daka, sai muka cike lokacin da ya rage mata da wasu tukwane. Yau a gidan mai matsakaicin hali ana jiran kunu, da ƙosai ko fanke, da zoɓo ko ruwan citta mai sanyi, da kwaɗon zogale, da soyayyen dankali, da farfesu, sannan abinci mai nauyi bayan asham, sannan wani sabo da sahur. A daidai wannan lokaci gandu ya watse, kowa ya kama gidan haya da matarsa guda, ƴammata suna makaranta, katanga ta yi tsawo, akushin maƙwabci ya rage zuwa. Tukwane sun ƙaru, hannaye sun ragu. Kuɗi ma bai bi ba: a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, amma al'adar ba ta sauka ba. Sukarin azumi da ake kai wa surukai da iyaye, wanda asalinsa zumunci ne, ya koma ma'aunin mutunci, har wani ya ci bashi don kada a ce bai kai ba. Mace ɗaya tana tsaye a gaban wuta daga azahar zuwa magariba, ta yi wanke-wanke lokacin da ake asham, ta tashi tsakar dare don sahur. In goman ƙarshe suka zo, maigida yana tahajjudi, ita tana gyangyaɗi a kan tukunya. Alhali azumin da aka wajabta masa shi aka wajabta mata, kuma daren Lailatul Ƙadari ba na maza kaɗai ba ne.

Wannan kuka ba mu muka fara shi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi ta yau a 1754, ya kuma yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya soki malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albabi saboda suna karantar da almajirai suna barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, suna ɗora musu girki da wanki suna ce musu aljannarsu tana cikin biyayyar miji, ba tare da sun koya musu alwala da salla da azumi ba. Mun sani kakannin wasunmu na Maraɗi da Tsibiri sun daɗe suna yaƙi da mutanensa, amma wannan magana ba ta da ɓangare. Kuma don adalci, malamanmu na Malikiyya ba su ce mace ta nade hannu ba. A Muhtasar na Halil, in miji mai hali ne kuma matar tana cikin waɗanda ake yi wa hidima, sai ya samar mata mai aiki, in ba haka ba hidimar cikin gida kamar kwaɓi da shara tana kanta bisa al'ada. Hidimar gida ke nan gwargwadon buƙata. Ba mu ga inda aka ce kala bakwai ba.

Abin da za a gyara ba shi da wuya, kuma mafi yawansa a hannun maigida yake. Ya ba da kuɗin cefane tun da dare ko da safe, domin wanda ya miƙa jika biyu bayan la'asar sannan ya zo yana duba agogo da magariba, shi ya jawo abin da zai gani. In zai zo da baƙi ya faɗa tun da wuri. A zauna a yanke cewa bayan dabino da kunu abu ɗaya za a dafa, kuma a yi shi da yawa yadda zai kai sahur. Ita uwargida ta koma dabarar iyayenta: a daka yaji da daddawa da busasshiyar kuɓewa na mako guda a rufe, a surfa wake da yawa a shanya a ajiye, sai jiƙawa kawai ta rage, a yi aikin da ke buƙatar ƙarfi da sanyin safiya. A lokacin bazara miyar da aka sauke da la'asar ba ta kai asuba lafiya sai an sake tafasa ta sosai kafin a kwanta, a rufe, kuma a sake tafasawa kafin a ci. Ɗumi-ɗumi ba ya kashe abin da ke ɓata ciki. Man da aka soya ƙosai da shi har ya yi baƙi yana hayaƙi ya gama aikinsa. Game da ɗanɗana miya, an ruwaito Ibnu Abbas (R.A) bai ga laifi ba, malamanmu na Malikiyya kuwa sun karhanta don tsoron wani abu ya wuce maƙogwaro. In an ɗanɗana aka tofar, azumi yana nan. Mafi sauƙi a riƙe cokali ɗaya na awon gishiri, ko a ba yaron da ba ya azumi ya taɓa. Masu ciwon sukari da hawan jini kuwa, waɗanda suka yawaita a cikinmu tun da kwali da dunƙule suka mamaye tukunya, su ga likita kafin wata ya kama. Mai ciki da mai shayarwa da suke tsoron cutuwa shari'a ta ba su sauƙi, kada surutun gida ya hana su karɓarsa.

Ita wutar ma ta sauya. Daga duwatsu uku aka zo murhun ƙarfe Mai Sauƙi da aka yaɗa don rage cin itace bayan shekarun fari, sannan da matatar man fetur ta kusa da Zinder ta fara aiki a ƙarshen 2011, tukunyar gas ta shiga gidajen da ba su taɓa ganinta ba. Ta rage hayaƙi a idon mata, ta rage saran daji, amma tana da nata sharaɗi. In aka ji warin gas kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunyar a buɗe ƙofa da taga. In mai ya kama wuta a kasko kada a zuba ruwa, a kashe murhun a rufe kaskon da murfi. Kuma mafi haɗarin lokaci shi ne gab da magariba, sa'ad da uwa ta gaji, mai yana tafasa a ƙasa, yara suna zagaye da ita. A nan ne ake buƙatar uba ya janye su. Abu Musa (R.A) ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, Annabi ya yi umurni a riƙa kashe wuta kafin barci, kamar yadda ya yi umurni a hadisin Jabir a rufe ƙwarya a ɗaure bakin salka.

Sai salla. A da yaro yana samun riga guda a shekara, a ci tuwon shinkafa ko waina in an samu, a tafi kallon hawa. Yanzu tun daga 15 ga wata hankalin gida ya koma wurin tela da kasuwa, kuma a kwanakin da ya kamata a fi natsuwa a nan ake fi yin faɗa a kan ɗinki da kaji da lalle, wani faɗan har ya kai ga furta kalmar da ake kwana ana neman malamin da zai warware. Wanda zai yi ɗinki ya kai tun kafin azumi, wanda ba shi da hali ya gaya wa iyalinsa gaskiya tun farkon wata da magana mai daɗi, ita kuma kada ta auna gidanta da na ƙawarta. Abin da ya tabbata daga Annabi na safiyar ƙaramar salla shi ne ba ya fita idi sai ya ci ƴan dabino, kuma mara yake ci. Abin da aka wajabta na abinci a wannan rana, na gidan wani ne: mudu huɗu na mudun Annabi a kan kowane rai, daga abin da mutanen gari suka fi ci. A nan ma sanin murhu yana da amfani. Geron da aka miƙa wa matalauciya a kan hanyar idi ba zai zama tuwo ba sai an surfa, an wanke, an shanya, an kai inji, kuma mai injin ma yana salla. Sahabbai sun kasance suna ba da ita kwana ɗaya ko biyu kafin idi, malamanmu kuma sun halatta haka. Wanda ya kai tasa ranar 28 ko 29, ƴaƴan wannan mata za su ci da hantsi tare da nasa.

Nan za mu dakata. Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauko ma'aunin mudun Annabi da yadda ake gwada shi da tiyarmu.